Shiga Aji Daban, Iya Karatu Daban: Halin da Yaran Firamare ke Ciki a Jalingo

Da misalin ƙarfe takwas da rabi na safe, duk wanda ya ratsa ta bayan azuzuwan firamare a Jalingo, ko a Sabon Gari ne ko Magami ko Mayo Gwoi, amo iri ɗaya zai ji yana fitowa ta taga. Malama ta ɗaga murya ta faɗi jimla da Turanci, aji ya ɗauka baki ɗaya. Ta sake, su sake. Kafin a fita tara jimlar ta zauna daram a bakin kowa, mai wucewa kuma ya ji daɗi ya ce lallai karatu na tafiya.

To amma a kira yarinya guda daga cikin masu amsawar nan, a ɗora yatsa kan kalma ta uku, a ce mata, "Wannan fa?" Sau da yawa sai ta koma farkon jimlar tana rerawa ƙasa-ƙasa, tana ƙirgawa, har ta iso wurin. In kuwa aka rubuta kalmar ita kaɗai a wata takarda, sai ta sunkuyar da kai ta yi tsit. Sautin ta haddace, abin da ya haɗa shi da baƙaƙen da ke jikin allo kuwa ba wanda ya taɓa nuna mata. A haka za ta wuce aji biyu, ta wuce aji uku. Kwafar rubutu daga allo ta iya shi tsaf, har mahaifinta ya buɗe littafinta da yamma ya ga shafi cike, ya sa mata albarka.

Wannan ciwo ya game ƙasa. A 2021 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da UNICEF sun bi gida-gida, suka zaunar da yara 'yan shekara 7 zuwa 14, aka ba kowane yaro ɗan gajeren labari ya karanta, aka yi masa tambayoyi a kansa. A faɗin Najeriya, kusan yaro ɗaya cikin huɗu ne kawai ya haye, kuma Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma su ne a baya. Bankin Duniya, a rahotonsa na 2022, ya kiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 kan kai shekara goma ba su iya karanta ɗan rubutu mai sauƙi su gane shi ba. Da yawansu kuwa kullum suna cikin aji, da kayan makaranta a jikinsu.

A 2023, 'yan watanni bayan hawansa mulki, Gwamna Agbu Kefas ya ayyana karatun firamare da sakandare kyauta a makarantun gwamnatin Taraba. Mataki ne da ya cancanci yabo, domin akwai gidajen da ɗan abin da ake karɓa kowane zango shi ke hana yaro zuwa. Sai dai duk yaron da ya ƙaru a aji, nauyi ne ya ƙaru a wuyan malami. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma kowa ya san azuzuwan farko a manyan makarantun cikin gari sun zarce haka nesa ba kusa ba. Malamin da ke gaban aji maƙil, ba littafi a hannun yara, mafi sauƙin abin da zai yi shi ne ya faɗa su amsa.

Karatu kuwa ba ya shiga ta nan. Magana yaro kan ɗauke ta ne da kansa tun yana goye, amma karatu sai an koya masa, mataki bayan mataki. Da kunne ake farawa, tun kafin a taɓa alli: yaro ya ji cewa "gida" gaɓa biyu ce, gi da da, ya tafa sau biyu, ya gane cewa "gida" da "gero" da "goro" da sauti ɗaya suka fara. Daga nan a nuna masa harafin da ke ɗauke da sautin. Sannan haɗa baƙi da wasali, ba be bi bo bu, har ya zamana ya ga "tuwo" karon farko a rayuwarsa ya fasa ta da kansa ba tare da an faɗa masa ba. Ranar da yaro ya yi wannan, ya samu mabuɗin. Abin da ya rage shi ne sauri, da yawan kalmomin da ya sani, da fahimta. Waɗannan ginshiƙai biyar ne wani kwamitin masana a Amurka ya tattara a rahotonsa na shekarar 2000, kuma su ne ƙashin bayan yawancin shirye-shiryen koyar da karatu na yau.

Batun sauri yana da dalili. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe abin da aka karanta yanzu-yanzu sai na 'yan daƙiƙoƙi. Yaron da ke fama da kowace kalma, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya ɓace masa, sai ya karanta daidai amma a tambaye shi me aka ce ya rasa. Shi ya sa masu bincike kan ambaci kalma 45 zuwa 60 a minti ɗaya a matsayin gejin da fahimta ke fara samuwa. Ba a kai wa nan sai da biya kullum, biya kuma ba ta yiwuwa sai da abin karantawa a hannu.

Wanda ya yi makarantar allo ba baƙon wannan tsari ba ne. Babbaƙu ake fara wa yaro, ya san kowane harafi da sunansa, sannan farfaru, inda wasulla ke shigowa, sannan a sa shi ya riƙa haɗawa da kansa. Kuma ba a wanke allo sai yaro ya zo gaban malam shi kaɗai ya biya. Gaskiya ne a wannan mataki yaron bai san ma'anar Larabcin ba tukuna, amma bin tsari daki-daki da sauraren kowane yaro shi kaɗai, abubuwa ne biyu da ajin boko na yau ya yi sakaci da su. Dattawan da suka yi elementare a zamanin Jihar Arewa, da waɗanda suka yi firamare a zamanin Gongola, da yawansu na tuna Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, 'yan littattafan nan da ake bugawa a Zariya. Da Hausa suka fara, daga baƙi zuwa gaɓa zuwa kalma, kuma a cikinsu aka samu alƙalai da likitoci da manyan sakatarori masu Turanci kamar a bakinsu aka yanke shi.

A nan ne Jalingo ta bambanta da Kano ko Katsina, kuma a nan maganar ta fi wuya. Garin da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a 1893 fadar Fulani ce, ga Jukunawan Kona a gefe, ga Mumuye da suka kewaye shi ta wajen Yorro da Zing da Ardo Kola. Da aka ƙirƙiro Jihar Taraba a watan Agustan 1991 aka mai da shi babban birni, sai aikin gwamnati da kasuwa suka janyo kowa: Jukun daga Wukari, Kuteb daga Takum da Ussa, Jenjo da Wurkun daga Karim Lamido, mutanen tsaunin Mambilla, Tibi, Chamba, Inyamurai 'yan kasuwa, daga baya kuma waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Adamawa. Taraba na cikin jihohin da suka fi yawan harsuna a Najeriya, kuma aji ɗaya a Jalingo kan iya tara yara masu harshen gida biyar ko shida.

Duk da haka, a saurare su a filin wasa. Da Hausa suke faɗa, da Hausa suke shiryawa, da ita suke sayen awara a bakin ƙofar makaranta, da ita mai keke ke ciniki da uwayensu. Ita ake ji a wa'azin masallaci, kuma coci-coci da dama na yin sujada da ita, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala fassararsa tun 1932. Yaron da ya tashi a tsakiyar Jalingo, ko da Mumuye ko Fillanci ake masa a ɗaki, yakan shiga aji ɗaya da Hausa a bakinsa. Turanci kuwa, ban da 'ya'yan ƙalilan, a bakin malama yake fara jin sa sosai.

Ga kuma wata fa'ida da rubutun Hausa ke da ita. Wasali biyar ne, kuma harafi ba kasafai yake yaudara ba: galibi abin da aka rubuta shi ake furtawa. Harafin c a Hausa sautinsa ɗaya ne ko'ina, a "ciki" ko a "cokali". A Turanci wani lokaci ya fita kamar k, wani lokaci kamar s, wasali guda kuma ya yi sauti uku ko huɗu, ga haruffan da ake rubutawa ba a furta su. Yaron da aka fara wa da Turanci aiki biyu aka ɗora masa a lokaci guda, koyon harshen da bai sani ba da koyon karatu a rubutun da ke cike da tarko. Wanda aka fara wa da harshen da yake ji, da zarar ya haɗa baƙaƙen ya furta, sai ya ji kalmar da ya sani, fuskarsa ta washe. Haruffan boko kuma kusan duka ɗaya ne a harsunan biyu, don haka abin da ya koya a nan da shi zai tsallaka can.

Iyaye da yawa ba sa son jin wannan. "Malam, ni Turanci na kawo shi ya koya, Hausa ai yana ji tun a gida," haka uba kan ce wa hedimasta, kuma yana da hujja, tunda da Turanci ake jarrabawa, da shi ake neman aiki. Shi ya sa wanda ya samu hali kan kai ɗansa makarantar kuɗi, inda wasu har tara ake cin yaro ko a yi masa bulala in an kama shi yana yaren gida. Amma an gwada wannan tambaya tuntuni. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara duk darussan firamare da Yarabanci na shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami. Da aka auna su da takwarorinsu, ba su gaza a Turanci ba, kuma a darussa da dama sun fi.

Manufar gwamnati kan harshe ta yi ta kai-kawo. Tun 1977 takarda ta ce a koyar da azuzuwan farko da harshen uwa ko harshen da ya fi yawo a yankin. A Nuwamban 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka tsawaita abin zuwa duk shekarun firamare shida. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke shi, ya ce a koma Turanci tun daga tushe, yana mai kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a manyan jarrabawa. Masana harshe da dama sun yi tir da hakan, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi: ta yaya za a ɗora laifin faɗuwa kan tsarin da ba a buga masa isassun littattafai ba, ba a horar masa da malamai ba, a yawancin makarantu ma bai taɓa sauka daga takarda ba? Ko me aka rubuta a Abuja, malamar aji ɗaya a Jalingo ta san in tana so yara su gane, sai ta juya harshe.

Sai dai a yi hattara, kada a gyara ɓarna da ɓarna. Hausa ba harshen uwa ba ce ga yawancin mutanen Taraba, kuma akwai masu fargabar cewa tana cinye harsunansu, fargabar da ke da tushe, domin akwai gidajen da jikoki ba sa iya amsa wa kakarsu da yarenta. A fita bayan gari kaɗan, a ƙauyen Yorro ko a rugar Fulani, za a samu ɗan shekara shida da Hausar ma baƙuwa ce a gare shi. Wannan yaro da Mumuye ko Fillanci ya kamata a fara masa. Fillanci na da rubutu tsayayye, kuma Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989 ta wallafa littattafan firamare da shi. Abin da ya dace shi ne kowace makaranta ta duba bakin yaranta na aji ɗaya, ta fara da harshen da suka fi ji, sassan harsuna na Jami'ar Jihar Taraba da Kwalejin Ilimi ta Zing kuma su ɗauki aikin rubuta ƙananan littattafan farawa da harsunan jihar. Ba aiki ne da ya fi ƙarfinsu ba.

Maƙwabta sun riga sun share hanya. Daga 2015 aka fara wani shiri da tallafin Amurka a Bauchi da Sakkwato wanda ya samar da littattafan Mu Karanta, a daidai lokacin da UNICEF da tallafin Ingila suka kawo shirin RANA a Katsina da Zamfara. Duka biyun da Hausa suka fara, kuma girkinsu ɗaya: littafi a hannun kowane yaro, jagorar malami mai ɗauke da darasin kowace rana a rubuce, da wani gogaggen malami da ke zagayowa ya zauna a bayan aji, bayan an tashi ya gyara wa malamin cikin mutunci. Kenya da wannan girki ta bi duk firamarenta na gwamnati daga 2015 a shirin Tusome. Taraba ma na cikin jihohi 17 da suka shiga shirin BESDA na Bankin Duniya, mai dala miliyan 611, wanda aka amince da shi a 2017, kuma inganta karatun yara na cikin manyan manufofinsa. Matsalar irin waɗannan shirye-shirye ita ce ranar da kuɗin baƙi suka ƙare. Littafi na yagewa cikin shekara biyu ko uku, malamin da aka horar a yi masa canjin wurin aiki, mai zagayawa ya rasa kuɗin mai. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar tallafinta ta USAID ɗungurungum, wanda ke nuna cewa buga littafin aji ɗaya dole ya shiga kasafin jiha, kowace shekara, kamar albashi.

To yaran da suka riga suka kai aji huɗu ko biyar ba su iya ba fa? Su ma akwai dabara, wadda ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da ita, aka gwada ta a Borno daga 2018, sannan a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil a Kano daga 2019. Malami kan zauna da kowane yaro na 'yan mintoci da takarda guda: a sama haruffa, sai kalmomi, sai ɗan sakin layi, sai labari. Inda yaro ya tsaya, nan ne matsayinsa. Sai a ware wani lokaci kullum a manta da aji, a haɗa masu harafi wuri ɗaya, masu kalma wuri ɗaya, ko ɗan aji uku ne ko ɗan aji shida. Kayan aikin ba su wuce kwalin da aka yayyanka aka rubuta gaɓoɓi a kai ba, da alli, da daɓen ƙasa. Yaro ya ɗauko "ka", ya ɗauko "za", ya jera, ya karanta, ya musanya ɗaya da "sa", ya ga wata kalmar ta fito. Babban yaron da ya shekara huɗu yana ɓuya a bencin baya, a irin wannan zama ne ake fara jin muryarsa.

Gida ma na da nasa kaso, kuma ba sai iyaye sun yi boko ba. Uwar da ke yi wa 'ya'yanta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare, ta tsaya a tsakiya ta ce, "To, me kuke gani zai yi yanzu?", darasin fahimta take koyarwa. Kacici-kacici da karin magana da salon magana mai karya harshe duk suna wasa kunnen yaro. Uban da ya ɗauko ɗansa a keke daga kasuwa zai iya nuna masa allon shago ya ce ya nemo harafin farko na sunansa. Yaya ta zauna da ƙanenta minti goma sha biyar bayan magariba, ita ta karanta layi, shi ya karanta layi. Ko kaka da ba ta san baƙi ba, in ta ce, "Zo ka karanta mini in ji, ɗan albarka," ta yi rabin aikin, domin kunnenta zai gaya mata ko abin da yake faɗa magana ce mai kai da gindi. Mai wayar hannu kuma zai samu labaran yara da Hausa kyauta, da hotunansu, a shafin African Storybook.

Abu biyu ke kashe wannan ƙoƙari. Na farko bulala: yaron da ake duka in ya yi kuskure, shiru zai koya. Na biyu rashin lura da lafiya. Wani yaron da ake kira daƙiƙi allon ne ba ya gani sosai, wani kunnensa ke ruwa, wani kuwa da yunwa ya fito. Kafin a yanke wa yaro hukunci a matso da shi bencin gaba, a kai shi a duba idonsa.

Rediyo ma na iya ɗaukar wani nauyin. Jami'ar Amurka da ke Yola ta gwada koyar da karatu da lissafi ta rediyo a wajajen 2016 ga yaran da rikici ya raba da makaranta, kuma lokacin kullen korona a 2020 jihohin Arewa da dama sun bi wannan hanya. Rabin awa a gidan rediyon jiha, TSBS, da Hausa da Fillanci da Mumuye, zai shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba.

Abin da ya fi gaggawa dai shi ne a fara aunawa. Sakamakon ƙarshen zango da ke cewa yaro ya zo na biyar a aji ba ya nuna ko ya iya karatu. Duk mai yaro a aji biyu ko uku ya rubuta gajerun jimloli uku da yaron bai taɓa gani ba, da harshen da ya fi ji, ya miƙa masa yau da dare, sannan ya tambaye shi me suka ce. A taron iyaye da malamai na wannan zango kuma, kwamitin kula da makaranta ya nemi hedimasta ya faɗi yara nawa ne a aji biyu ke iya karanta sakin layi su kaɗai, a rubuta adadin, a dawo zango mai zuwa a sake tambaya.